Martani: Doka Ta Tsare Hanya, Ta Bar Talaka Ya Gina Daidai Ƙarfinsa

Na karanta maƙalar da wani malami ɗan'uwanmu daga Kano ta Kudu ya rubuta a kan yadda garuruwanmu suke bunƙasa babu tsari, kuma na ga bai kamata a bar ta ta wuce ba tare da an ce komai ba, domin magana ce ta inda 'ya'yanmu za su kwana nan da shekara ashirin. A taƙaice, Malam ya nemi gwamnati ta yi abu huɗu a Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa: ta haramta awon igiya baki ɗaya, ta hana yanka fulotin da bai kai ƙafa 50 da 100 ba, ta raba unguwar zama da wurin sana'a ta kuma hana bene a cikin unguwa, sannan ta rushe duk ginin da ya saɓa wa wannan. A ganinsa, da haka ne garuruwanmu za su kuɓuta daga abin da ya sami birnin Kano.

Cutar da Malam ya gani gaskiya ce, ba na musu a kanta. Duk wanda ya shiga sabbin unguwannin da ke tasowa a bayan Kwanar Ɗangora, ko gefen kasuwar Tudun Wada, ya san lungun da Adaidaita Sahu ba ta iya juyawa a cikinsa, ya san kwatar da ke malalowa ƙofar maƙwabci, ya san yadda ake karkata makara kafin a fito da gawa. Idan gobara ta tashi, sai dai bokiti. Idan mace ta tashi haihuwa da dare, sai an tallafo ta zuwa bakin titi. A ƙidayar 2006 waɗannan ƙananan hukumomi huɗu sun haura mutum 800,000, kuma yaran da aka ƙidaya a goye a wancan lokaci su ne yanzu suka doshi neman ɗakin da za su ajiye amarya. Saboda haka tsari wajibi ne. Inda muka rabu da Malam shi ne maganin da ya kawo, domin shi ne ainihin maganin da aka daɗe ana ba birnin Kano, kuma shi ya taimaka wajen haifar da abin da yake gudu.

A tuna asalin wannan tsari na manyan filaye da raba unguwanni. Dokar garuruwa ta Gwamna Lugga ta 1917 ita ce ta kafa shi a ƙasar nan, kuma manufarta a fili take: a keɓe Turawa a unguwarsu, a bar tazarar yadi 440 da ba a gini a cikinta tsakaninsu da 'yan ƙasa. Nasarawa ta Kano daga irin wannan tunani ta samu fasalinta: gida ɗaya a tsakiyar makeken fili, babu shago, babu maƙera, babu mai tuyar ƙosai. Da Turawa suka tafi, manyan ma'aikata suka gaji gidajen, suka kuma gaji ma'aunin, har ya zama idan an ce "tsari" abin da ke zuwa a rai shi ne Nasarawa. An zana wa birnin babban tsarin shekara ashirin, wanda Trevallion ya shirya domin 1963 zuwa 1983. An kafa hukumomi, daga KASEPPA har zuwa KNUPDA ta yau. Duk da haka, ina akasarin mutanen da suka ƙaru a Kano suka sauka? Kurna, Bachirawa, Rimin Kebe, Ɗorayi, Sheka. Yawancin waɗannan wurare manomi da dillali da igiya ne suka yanka su, mai unguwa ya sa hannu.

Malam ya ɗauki wannan a matsayin rashin bin doka. Ni kuwa ina ganin shaida ce cewa dokar ta ajiye ƙofarta a inda talaka ba zai iya kaiwa ba. Babu wanda ke sha'awar zama a lungun da ruwa ke kwanciya. Mutum yana sayen awon igiya ne domin shi kaɗai ne filin da aka yanka daidai aljihunsa, wanda zai iya biya a hankali, ya kafa ɗaki ɗaya da banɗaki ya shiga, bana ya yi katanga, baɗi ya ƙara ɗaki. Fulotin gwamnati kuwa babba ne, ba ya fitowa sai an shekara ana jira, idan ya fito sau da yawa yakan faɗa hannun mai hali, shi kuma ya kewaye shi ya bar shi kango yana jiran ya yi tsada. Idan aka haramta ƙaramin fili ba tare da an samar da halastaccen ƙaramin fili ba, masu buƙata ba za su ɓace ba. Za su matsa gaba ne inda idon hukuma bai kai ba, su yanka a ɓoye, kuma mai yanka a ɓoye ba ya barin hanya.

Mu yi lissafi a kan fulotin da Malam ke so a wajabta. Ƙafa 50 da 100 murabba'in ƙafa 5,000 ke nan, wato kimanin murabba'in mita 465. A ɗauki hekta ɗaya, a cire kashi 30 cikin ɗari domin tituna da magudanan ruwa da filin makaranta, abin da zai rage ba zai ba da fiye da fuloti 15 ba. Idan kuwa aka yarda da ƙafa 40 da 50, hekta ɗin nan za ta ba da fuloti 37, kuma faɗin titin bai ragu da ko taƙi ɗaya ba. Iyali 15 ko iyali 37 a ƙasa iri ɗaya, da titi iri ɗaya, da bututun ruwa iri ɗaya. Kuɗin kwalta da na turakun lantarki idan gida 37 suka raba shi ya fi sauƙi a kan gida 15. Yanzu a haɗa wannan da halin da ake ciki: a ƙarshen 2024 an sa mafi ƙarancin albashi a Jihar Kano Naira 71,000, kuma a farkon shekarar 2024 buhun siminti ya haura Naira 10,000 a wurare da dama. Malamin firamare a Ƙofa ko ma'aikacin lafiya a Yako, idan duk abin da ya tara ya tafi a kan fili, da me zai sayi bulo da kwano? Dokar da ta ce sai ka sayi fili ninki biyu na buƙatarka, dokar ta ce maka ka zauna a haya ke nan har gashinka ya yi fari.

Akwai kuma abin da ya keɓanci yankinmu, wanda Malam bai taɓo ba ko kaɗan. Ƙasar da garuruwanmu ke ci idan suna faɗaɗa gona ce mai albarka. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Audu Baƙo, wannan yanki ya zama kan gaba wajen ciyar da jiha: ruwan Tiga ne ke shayar da noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure, Tudun Wada ta yi suna da shinkafa, Doguwa da masara. Gari mai manyan filaye da gidaje na ƙasa zalla dole ya miƙe nesa, kuma idan ya miƙe fadama zai hau, burtali zai toshe, ya matsa wa gefen Dajin Falgore. Kowa ya san abin da ke biyo bayan toshe burtali tsakanin manomi da makiyayi. Wanda yake son gona ta tsira a Kano ta Kudu, shi ya fi kowa cancantar goyon bayan ƙaramin fuloti da bene, domin gari ya taru wuri guda maimakon ya bazu.

Sai maganar raba gida da sana'a. A nan Malam ya ɗauko abin da bai taɓa zama ɗabi'ar garin Bahaushe ba. Bebeji, inda aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, gari ne na fatake, kuma gidan farke shi ne masaukin baƙonsa, shi ne ma'ajiyar kayansa, zaurensa kuma wurin ciniki. Har yau zaure ne makarantar allo, shi ne shagon tela, shi ne wurin wanzami. Bayan zauren kuwa, a tsakar gida, akwai kasuwar da ba a gani daga titi: matan da ke turara shinkafa kafin ta tafi inji, masu matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, masu awara, masu ɗinki, masu saƙa. Macen da ke cikin gidan aurenta, wannan tsakar gidan ita ce masana'antarta. Ranar da aka rubuta a doka cewa unguwar zama ba wurin sana'a ba ce, ranar aka mayar da dubban mata masu laifi, aka kuma ba duk wani ƙaramin jami'i da ba ya tsoron Allah sandar da zai riƙa karɓar na goro. Kuma shagon da magidanci ya fitar a jikin gidansa sau da yawa kuɗin hayarsa ne ke gina ɗaki na biyu da na uku. A hana shagon, an hana ɗakunan.

Na san abin da ke damun Malam a nan, kuma damuwa ce ta gaskiya: babban injin casa da ke tayar da ƙura da ƙara dare da rana a jikin bangon mutum, mai sayar da fetur ko gas a tsakiyar gidaje, mayanka da ke zubar da jini a kwata. Waɗannan a fitar da su, a ba su wurinsu a gefen gari kusa da babbar hanya. Amma ma'aunin ya zama cutarwa: hayaƙi, ƙara, wari, haɗarin wuta, manyan motoci. Keken ɗinki ba ya cutar da maƙwabci. Abin da ya kamata dokar ta lissafa shi ne 'yan sana'o'in da aka hana, sauran duka su zama halas ba sai an nemi izini ba.

Wannan ma'auni na cutarwa ba daga Turai aka aro shi ba. Shi ne ginshiƙin hukuncin gini a fiƙihun Malikiyya da muke bi. Ibn al-Rami, wani magini da ya yi aiki da alƙalan Tunis a ƙarni na 14, ya tattara hukunce-hukuncen gini a littafi guda, kuma abin da suke zagayawa a kai shi ne hana cutar da maƙwabci: kada tagarka ta leƙa tsakar gidansa, kada indararonka ya zuba a bangonsa, kada hayaƙinka ya dame shi, kada ka ci hanya. Hadisi ingantacce ya ƙayyade faɗin hanya da zira'i bakwai idan an yi saɓani a kanta. Shehu Abdullahi na Gwandu ma ya yi rubutu a kan hukuncin mallakar ƙasa da raya ta. A lura da inda wannan gado ya tsaurara: hanya da haƙƙin maƙwabci. Bai ce sai gidanka ya kai kaza ba, bai ce kada ka yi sana'a a ƙofarka ba. Da wannan ake amsa tsoron da Malam ya nuna a kan bene. Sirrin gida haƙƙi ne, kuma ana kare shi da ƙa'idar taga da baranda: taga ta fuskanci titi ko tsakar gidan mai ita, wadda ke ɓangaren maƙwabci a ɗaga ta sama da tsayin mutum, rufin da ake hawa a yi masa rawani mai tsawo. Birnin Kano da Zariya sun san soro mai bene tun kafin a kawo siminti. Hana bene gaba ɗaya zai fi cutar da iyalan da suka gaji gida ɗaya su shida ko bakwai, waɗanda ba su da wata hanya ta zama kusa da iyayensu sai su yi sama.

Game da rusau, ina roƙon Malam ya sake tunani. Mun ga rusau a birnin Kano a 2023, a Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula da sauran wurare. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya a waccan rigima, ya ga irin dukiyar da ta koma ɓaraguzai da irin shari'ar da ta biyo baya. Waɗancan ma filayen jama'a ake jayayya a kansu, kuma masu ginin suna da bakin zuwa kotu. Manomin da ya sayar da shanunsa ya gina ɗaki biyu a Daɗin Kowa, idan katafila ta bi ta kansa, wa zai kai ƙara? Kuma kada a ce gwamnati za ta gina wa kowa a madadin haka. An gina rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da kyakkyawan tsari da tituna masu faɗi, amma gidaje da yawa a cikinsu sun shekara da shekaru babu kowa, domin kuɗinsu ya fi ƙarfin masu buƙatar gida na gaskiya. Mafi yawan gidajen ƙasar Hausa masu su ne suka gina su da kansu, ɗaki bayan ɗaki, kuma haka za a ci gaba. Aikin doka shi ne ta sauƙaƙa musu, ta kuma tsare abin da mutum ɗaya ba zai iya tsarewa ba.

Abin lura shi ne ƙasashen da suka ƙirƙiro wannan tsari da Malam ke so mu ɗauka, su da kansu suna warware shi, saboda tsadar gida ta kai musu iya wuya. Birnin Houston na Amurka a da yana da ƙa'idar mafi ƙarancin fuloti murabba'in ƙafa 5,000, daidai da 50 da 100 ɗin nan tamu. A 1998 suka sauke ta zuwa 1,400 a tsakiyar birni, a 2013 suka faɗaɗa sassaucin, kuma dubban ƙananan gidaje suka fito a inda da gida ɗaya ke zaune. Minneapolis ta amince a 2018 da soke ƙa'idar gida ɗaya tak a fuloti ɗaya. Auckland ta ƙasar New Zealand ta sassauta a kusan kashi uku cikin huɗu na filayen zamanta a 2016, gine-gine suka ƙaru sosai a shekarun da suka biyo baya. Amma misalin da ya fi kusa da mu yana nan Afirka ta Yamma. A 1972 Bankin Duniya ya ba Senegal rancensa na farko na raya birane domin aikin Parcelles Assainies a Dakar: aka fitar da tituna, aka yanka ƙananan filaye, aka kai ruwa, aka bar mutane su gina da kansu a hankali. Yau wurin yana cikin manyan unguwannin Dakar, cike da benaye da shaguna, a kan titunan da aka shata tun kafin a ɗora bulo na farko.

To, me ya kamata a yi a Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa? Tun ran gini tun ran zane. Alherin da garuruwanmu suke da shi a kan birni shi ne har yanzu gefensu gona ne, ana iya shata hanya a yau ba tare da an taɓa bangon kowa ba. A fara da wuraren da suka fi saurin girma: Kwanar Ɗangora, inda hanyar Kano zuwa Zariya ta haɗu da wadda ta nufi Tudun Wada da Doguwa, sai Tiga, da garin Ƙiru, da garin Bebeji, da Tudun Wadar Ɗankadai. A fita bayan gari a kafa turaka da siminti da ke nuna inda manyan hanyoyi za su bi, ko da ba za a zuba musu kwalta ba sai nan da shekara goma. Manomi ya ci gaba da nomansa a kai, amma kowa ya san ba a gini a nan. A ware hanyar ruwa, musamman a Doguwa da Tudun Wada inda damina ta fi ƙarfi. A keɓe fadama da burtali da maƙabarta da filin makaranta da kasuwa. A kan waɗannan, doka ta tsaya ƙyam, kada ta duba fuskar kowa, ko basarake ne ko ɗan majalisa.

A cikin waɗannan iyakoki kuwa, a saki mara. A halasta wa mai gona ya yanka gonarsa, bisa sharaɗin ya bar lungu mai faɗin da motar kashe gobara za ta shiga ta fita, ya haɗa shi da lungun maƙwabcinsa, mai awon ƙaramar hukuma ya zo ya tabbatar a kuɗi kaɗan sananne da aka liƙa a bango. Wato a ɗauki awon igiya a shigo da shi cikin doka, a sa masa ƙa'idar hanya, maimakon a kore shi zuwa duhu. A yarda da ƙaramin fuloti, da raba gidan gado, da shago a ƙofa, da ɗakunan haya, da bene hawa ɗaya ko biyu idan injiniya ya duba harsashinsa. Inda gonaki ƙanana ne a cakuɗe, a yi abin da jihar Gujarat ta Indiya ta daɗe tana yi: masu gonaki su haɗa, kowa ya ba da wani kaso domin hanya, a mayar masa da sauran a matsayin fulotai masu fuskantar titi, waɗanda darajarsu ta fi ta gonar da ya bayar. Ba a ƙwace ba, ba a jira diyyar da ba ta zuwa ba. Fulotin da aka kewaye aka bari kango shekara da shekaru a tsakiyar gari kuwa, a sa masa harajin da zai sa mai shi ya gina ko ya sayar.

Ikon yin wannan yana nan. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon ƙasar da aka ayyana a matsayin birni, ta bar wa ƙaramar hukuma ba da takardar mallaka ta gargajiya a sauran wurare, ta kuma tanadi kwamitin ba da shawara kan rabon ƙasa a kowace ƙaramar hukuma. Tsarin Mulki na 1999 ya sa tituna da magudanan ruwa da kasuwanni da maƙabartu da sa wa gidaje lamba a cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2003 cewa tsara birane hurumin jihohi ne, a Yulin 2024 kuma ta yanke cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ba sai an jira Abuja ba. Majalisar Dokokin Jihar Kano na iya rubuta sassauƙar ƙa'ida ta garuruwan karkara da ba za ta wuce 'yan shafuka ba, da Hausa, yadda dagaci da mai unguwa da dillali za su karanta su gane, domin su ne a bakin gonar ranar da ake ja igiya.

Malam, burinmu ɗaya da kai: garin da motar asibiti za ta isa kowace ƙofa, ruwan sama ya sami hanyarsa, maƙwabci ya tsira daga maƙwabci. Abin da nake ce maka shi ne tsarinka zai samar da wannan ga iyali 15, ya tura sauran 22 bayan gari su sake yanka irin lungun da kake kuka da shi. Ina kira ga shugabannin waɗannan ƙananan hukumomi huɗu, da hakimanmu, da 'yan majalisarmu na jiha, su zauna kafin damina mai zuwa su fitar da taswirar hanyoyin garuruwan nan guda biyar, su kafa turakun, su sanar da jama'a a masallatai da kasuwanni. Aiki ne da kuɗinsa bai kai na kilomita ɗaya na kwalta ba, kuma duk shekarar da aka jinkirta shi, wata gonar za ta zama unguwa babu hanya. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace a kan lokaci.